Tukunyar Jego da Ɗakin Gumin Finlan

A ƙasar Gwarzo da Kabo, kamar sauran yammacin Kano, babu wanda sai an koya masa cewa zafi magani ne. Wanda mura ta toshe wa hanci ko masassara ta kwantar, kafin a yi zancen asibiti an riga an ɗora tukunya, an zuba ganyen darbejiya da na mangwaro da na gwaiba, wani gidan a ƙara tazargade ko lemun tsami, a zaunar da shi gaban tukunyar, a lulluɓe shi da bargo har gumi ya keto masa. Wannan shi ne surace. Wanda ya fi shi girma shi ne wankan jego. Tun ciki bai tsufa ba miji ya fara tara itace, in an sauka lafiya sai a dinga tafasa ruwa safe da yamma a babbar tukunya ko rabin duro, ana tsoma ganyen runhu ko sabara ana fyaɗa wa mai jego a jiki, ta sha kunun kanwa, a wasu gidajen ta kwanta a gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi, haka har kwana arba'in, wata ma ta zarce. Baba ta Karo, wadda ta tashi a Karo da Zarewa, can wajen Rogo, ta ba mai bincike Mary Smith labarin wannan wanka a 1949 da 1950, kuma abin bai zama tarihi ba. Binciken da Farfesa Zubairu Iliyasu da abokan aikinsa suka buga a 2006 kan matan Danbare, a bakin hanyar Gwarzo daf da sabon mazaunin Jami'ar Bayero, ya nuna fiye da takwas cikin goma na masu jego suna wankan, suna shan kunun. In haka abin yake a ƙauyen da ke jikin jami'a, ba sai an yi dogon tunani a kan Getso da Kutama da Garo da Durun ba.

Yanzu kuma ga sauna ta shigo ta wayar hannu. Ƙaramin ɗaki ne na katako, da murhu a kusurwa wanda aka jibga wa duwatsu. Ana gasa duwatsun har iskar ɗakin ta kai digiri 80 zuwa 100 a ma'aunin Salshiyas, mutum ya zauna a benci minti goma ko ashirin yana tsiyayar gumi, jefi-jefi a yayyafa ruwa a kan duwatsun tururi ya tashi, sannan ya fito ya sha iska ko ya watsa ruwan sanyi. Gidanta Finlan, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan shida ba amma aka ƙiyasta tana da sauna kusan miliyan uku, har UNESCO ta sa al'adar cikin jerin gadon ɗan Adam a 2020. Matan Finlan na da a cikinta suke haihuwa, domin ita ce ɗakin da ya fi ɗumi da tsabta a gida. Abin ban dariya a wurinmu shi ne yadda mutane suka rabu a kanta. Ɗan bokon da ke yi wa tukunyar kakarsa kallon ƙauyanci shi ne ke tambayar magini nawa za a kashe a yi masa ɗakin gumi a bayan gida. Ɗan'uwansa kuma, mai ganin sauna shirmen Turawa ne, shi ne ke cewa matarsa sai ta cika arba'in cikin tafasasshen ruwa ko da a watan Afrilu ta haihu. Dukansu biyun da asalin abin suke yanke hukunci: wancan ya karɓa don daga waje ya zo, wannan ya riƙe don a gida ya tarar. Tambayar da ta kamata ita ce, da wane mudu ake auna al'adar da ta shafi jiki, kuma wa ke da ikon cewa zafin ya isa?

A fara da cire abin da ba ya cikin maganar. Wankan jego ba ibada ba ne, kuma duk wanda ya zauna a makarantar zaure ya karanta Ahalari da Risala ya san haka. Abin da shari'a ta ɗora wa wadda ta haihu wanka ɗaya ne, na tsarki, ranar da jinin biƙi ya ɗauke, kuma ba a sharɗanta masa zafin ruwa ba. A mazhabar Malikiyya da muke kai, mafi tsawon jinin biƙi kwana sittin ne, in kuwa ya ɗauke da wuri, ko da kusa da haihuwar ne, sai ta yi wanka ta ci gaba da salla. Hanafawa da Hambalawa ne suka tsaya a arba'in, su ma iyakar jini suke nufi, babu ruwansu da tukunya. Saboda haka wankan jego, da surace, da sauna, duk a babi ɗaya suke: al'ada ce da aka yi don neman lafiya. Malikiyya tana girmama al'ada ƙwarai, tana gina hukunci a kanta a ciniki da aure da rantsuwa, amma Alƙarafi, wanda ya rasu a 1285, ya yi gargaɗi cewa hukuncin da aka gina a kan al'ada yana juyawa in al'adar ta juya, kuma daskarewa a kan abin da aka tarar ɓata ne. Ga kuma hadisin barbarar dabino da Muslim ya ruwaito, inda Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya mayar wa manoman Madina sanin sha'anin gonarsu bayan an gwada an ga sakamako. Al'amarin da gwaji ke iya bayyanawa, addini da kansa ya miƙa shi ga gwaji.

Sai dai akwai wani tunani da ke kwance a ƙarƙashin sha'anin zafi a ƙasar Hausa, wanda ba kasafai ake furta shi ba, wato cewa maganin da bai ba da wuya ba bai yi aiki ba, kuma wadda ta fi jure zafi ta fi tarbiyya. Wannan tunani yana aro rigar addini, don haƙuri abin yabo ne. Amma haƙurin da aka yaba shi ne na abin da ya sauko wa bawa, wahalar da mutum ya ƙirƙira wa kansa ko ya ɗora wa wani kuwa shari'a ba ta taɓa ɗaukarta hanyar lada ba. Buhari ya kawo labarin Abu Isra'ila, wanda ya yi bakance zai tsaya cikin rana ba zama ba inuwa ba magana yana azumi. Annabi ya sa aka ce ya zauna, ya shiga inuwa, ya yi magana, ya cika azuminsa kawai. An bar masa ibadar, an zare gashin ranar. Amru ɗan Asi ya yi taimama a wani dare mai tsananin sanyi a yaƙin Zatus Salasil don tsoron kada wanka ya halaka shi, ya kafa hujja da ayar Suratun Nisa'i da ta hana kashe kai, aka tabbatar da shi a kan haka. Mafi nauyi shi ne abin da Abu Dawuda ya ruwaito daga Jabir, na mutumin da dutse ya fasa wa kai a tafiya, ya tambayi abokansa ko yana da sauƙin taimama suka ce babu, ya yi wanka ya mutu. Annabi ya ɗora alhakin mutuwarsa a kansu, ya zarge su da rashin tambaya a kan abin da ba su sani ba. Wankan farilla ke nan aka ɗage saboda jiki. To ina ga wankan da ba farilla ba, ba sunna ba?

In haka ne, dole a koma ga shaida, kuma shaidar sauna ba ƙarama ba ce. Idan mutum ya zauna cikin zafin, jijiyoyin jinin fata suna buɗewa, bugun zuciya ya hau zuwa 100 ko ma 150 a minti kamar mai tafiya da sauri, ya zubar da gumi kusan rabin lita a zama ɗaya, bayan ya huce kuma ƙarfin hawan jini yakan ɗan sauka. A 2015 Jari Laukkanen da abokan aikinsa suka buga sakamakon bibiyar maza 2,315 daga yankin Kuopio na gabashin Finlan, masu shekara 42 zuwa 60, waɗanda aka bi har kimanin shekara ashirin. Waɗanda ke shiga sauna sau 4 zuwa 7 a mako sun sami ragin kashi 63 cikin ɗari na haɗarin mutuwar fuju'a ta zuciya in aka kwatanta su da masu shiga sau ɗaya, da ragin kashi 40 na mutuwa ta kowane dalili. Wannan ya isa ya sa mai raina gumi ya sassauta murya. Amma kafin a kira magini a lura da abin da binciken bai ce ba. Kallon mutane aka yi yadda suke rayuwarsu, ba raba su aka yi gida biyu a gwada ba, kuma mai lafiyar da zai iya shiga zafi kullum wataƙila lafiyar ce ta kai shi. Maza ne, ba masu jego ba. Mutanen ƙasar ƙanƙara ne da suka saba da abin tun suna goye, suna fitowa daga ɗakin su tarar da iskar da ke zare zafi daga jiki nan take. Zancen cewa gumi yana fitar da guba kuwa talla ce, don wannan aikin hanta ne da ƙoda. Kuma Finlan ɗin ta ga iyakar abin da idonta: a gasar juriyar sauna ta duniya da aka yi a Heinola a 2010, cikin zafin digiri 110, ɗan Rasha da ya kai zagayen ƙarshe ya mutu, ɗan Finlan da ya kara da shi ya ƙone ƙwarai, daga nan aka daina gasar. Ranar da aka mai da juriya abin alfahari, ranar sauna ta yi kisa a gaban jama'a.

Namu wankan ma an bincike shi, kuma labarin binciken ya fi na Finlan darasi. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, Davidson da Parry, suka lura da yawan matan da ke zuwa bayan haihuwa da kumburin ƙafa da haki da zuciya mai gazawa. Sun bi mata 224, kusan dukansu Hausawa da Fulani, suka ga ciwon ya fi yawa wajen watan Yuli, lokacin da zafi ya haɗu da laimar damina, kuma yana kama kusan mace ɗaya cikin ɗari da suka haihu, adadin da ya ninka na Turai da Amurka sau da yawa. Bayanin da suka kawo mai shiga hankali ne. Kanwa cike take da sinadarin sodiyam irin na gishiri, mai tara ruwa a jiki, zafi kuma yana buɗe jijiyoyi ya tilasta wa zuciya ƙara aiki, sai nauyin biyu ya haɗu a kan zuciyar da ba ta gama farfaɗowa daga ɗaukar ciki ba. Wannan bayani ya shiga littattafan likitanci na duniya, aka shekara talatin da ɗoriya ana koyar da shi, har sunan wankan jego ya zama misalin al'ada mai kisa a bakin waɗanda ba su taɓa ganin tukunyar ba.

Sai ga likitocin Kano sun sake tono maganar. Farfesa Kamilu Musa Ƙaraye na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da abokan aikinsa suka kwatanta masu ciwon da takwarorinsu masu jego lafiyayyu, a Kano da farko, daga baya a asibitoci da dama na Najeriya, a binciken da aka buga a 2020. Yawan ciwon a arewa maso yamma bai ragu ba, yana nan kusan ɗaya cikin ɗari. Amma da aka sa sauran dalilai a lissafi, ba a ga cewa wankan ruwan zafi ko kunun kanwa ne ke raba masu ciwon da marasa shi ba, don lafiyayyun ma suna wankan, suna shan kunun. Abubuwan da suka fito fili su ne rama, da rashin karatu, da rashin sana'a, da hawan jinin masu ciki mai kaiwa ga jijjiga. Wani bincikensu na 2015 kuma ya nuna ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin mafi yawan masu ciwon, musamman mazauna karkara. Wato abin da aka daɗe ana ɗora wa tukunya, kaso mai yawa nasa na talauci ne da yunwa da rashin awon ciki. A nan ne ake gane wanda da gaske shaida yake bi. Mai sukar al'ada wanda ya ji daɗin sakamakon Zariya, wajibinsa ne ya karɓi na Kano ko da ya rage masa makami, in ba haka ba shi ma mai taƙalidi ne, malaminsa kawai ya sauya.

Mai kare al'ada kuma kada ya yi saurin guɗa. Cewa abu ba shi ne tushen ciwo ba daban, cewa ba ya cutar da wadda ciwon ya riga ya kama daban. Duk likitan zuciya zai ce wa mai hawan jini ko mai gazawar zuciya ta rage gishiri, kuma kanwa tana cikin wannan hani. Ƙunar fata daga tafasasshen ruwa ba sai an yi bincike ba, ma'aikatan jinya na ganinta, ga wadda aka yi wa tiyata ko ɗinki kuma abin ya fi muni. Amma babbar cutar tana cikin fassarar alamomi. A tunanin gargajiya, wanda Lewis Wall ya bayyana a littafinsa na 1988 bayan ya zauna a ƙasar Malumfashi, maƙwabciyarmu ta yamma, abin tsoro ga mai jego shi ne sanyi ya shige ta, kuma kumburi alamar sanyi ne. To in ƙafar mai jego ta kumbura, numfashi ya fara yi mata wuya in ta kwanta, tana tari da dare, me gida zai ce? Za a ce wankan bai gasa ta ba, a ƙara itace, a ƙara kanwa. Alamar da ya kamata ta sa a nemi mota zuwa babban asibitin Gwarzo ita ce ke sa a ƙara abin da ke danne zuciyar, mako ya shuɗe, biyu su shuɗe. Wannan shi ne irin kuskuren abokan mai rauni a ka: ba su nufe shi da sharri ba, amsa suka bayar da yaƙini a inda ya kamata su tambaya.

Daga nan ne za a ga ainihin abin da ya raba ɗakin gumin Finlan da bayan ɗakin mai jego, kuma digirin zafi ba shi ne babba ba. Mai shiga sauna shi ya kai kansa, shi ya zaɓi bencin sama ko na ƙasa, in jiri ya ɗebe shi ya tashi ya tura ƙofa, ba wanda zai ce ya yi raki. Yarinyar da ta zo goyon ciki gidan iyayenta a haihuwar fari ba ta da wannan ƙofa. Gwaggo ce ko kaka ko ungozoma ke riƙe da ganyen, su ke taɓa ruwan su ce ya yi, ita kuwa kunya ta ɗaure mata baki, in ta yi kuka a ce shagwaɓa ce, in ta ƙi a ce boko ya lalata ta. Alhali shaidar da ta fi kowace kusa da gaskiya a wannan lokacin tana wurinta, jiki magayi. Jiri, da bugun ƙirji, da duhun gani, da raɗaɗin fata, saƙo ne da Mahalicci ya gina a jiki don a tsaya, kuma wanda ke cikin jikin ne kaɗai ke jin sa. Idan jiki amana ne da za a tambayi mai shi a kansa, kamar yadda hadisin haƙƙin jiki a kan mutum ya nuna, ba daidai ba ne a ɗora wa mutum amana a kuma karɓe masa ikon tsare ta. Za a ce ai biyayya ga iyaye wajibi ce. Haka ne, kuma iyayen nan ƙauna ce ta tashe su da asuba suna hura wuta. Amma Buhari da Muslim sun kawo labarin shugaban rundunar da ya yi fushi ya sa mutanensa suka tara itace suka kunna wuta ya ce su shiga, suka ƙi, Annabi ya tabbatar da ƙin nasu ya bayyana cewa biyayya tana cikin abin da aka san alheri ne. 'Yar da ta ce, Inna, a sirka mini, ba ta saɓa wa kowa ba.

Akwai mai cewa iyayenmu sun yi wankan nan, sun haifi goma goma, ga su nan da ƙarfinsu. Gaskiya ne, sai dai waɗanda suka rayu ne ke ba da shaida. Wadda kumburi ya tafi da ita kafin arba'in an ce kwana ne ya ƙare, ba ta nan balle ta faɗi nata. Hujjar da ta fi wannan ƙarfi, wadda masu suka ba su cika amsawa ba, ita ce wankan jego ba ruwa kaɗai ba ne. Shi ne ke ba mace kwana arba'in ba daka ba surfe ba ɗebo ruwa, shi ne ke tilasta wa miji sayen kauri da yaji da nama, shi ne ke kawo mata wata babba da za ta kwana da ita ta koya mata riƙon jariri, shi ne ke nisanta ta da shimfiɗar miji har jiki ya dawo. A gidan da mace ba ta da wani hutu a shekara, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma in aka dubi abin da binciken Kano ya gano, cewa rama na cikin manyan haɗurra, sai a ga abincin jego yana cikin abubuwan da ke ceton rai. Wanda ya ce a soke wankan gaba ɗaya, ya sani yana iya soke hutun da naman tare da shi, ya bar mace da tabarya a kwana na takwas. Amsar ita ce irin abin da aka yi wa Abu Isra'ila, a riƙe mai amfanin a zare mai cutarwar. Ruwa mai ɗumin da gwiwar hannu za ta iya zama a ciki yana sassauta jiki, yana tsabtace shi, kunun gero ko na gyaɗa ba kanwa yana ciyar da mai jego, gadon wuta kuwa a bazara ba shi da mai kare shi. Kuma ba banza ba rashin karatu ya fito a jerin haɗurra. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zargi malaman zamaninsa a Nurul Albabi da barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, kuma macen da ta san alamun hawan jini ita ce ke iya buɗe baki a kan lokaci.

Surace ba ya buƙatar dogon zance. Tururi yana sa mai mura ya ji sauƙi na ɗan lokaci, amma gwaje-gwajen da aka tattara ba su nuna yana gajarta ciwon ba. Zazzaɓin cizon sauro kuwa ƙwayarsa cikin jini take, gumi ba ya kai mata, kuma da yake masassarar kan sauka da kanta ta sake dawowa, sai a ba tukunya ladan da ba nata ba, a jinkirta gwaji da magani. Tanzaniya ta rungumi surace a hukumance lokacin korona a zamanin Shugaba Magufuli, har aka kafa ɗakunan tururi a asibiti, bai tsayar da annobar ba. Babba mai hankali ya yi suracensa in yana so. Ƙaramin yaro a ƙarƙashin bargo gaban tafasasshen ruwa kuwa haɗarin ƙuna ne tsagwaro, shi ma bai riƙe da ƙofa ba.

To mai son gina ɗakin gumi a gidansa a Kabo ko Gwarzo fa? Asalin abin halal ne. Musulmi sun san ɗakin zafi tun da suka shiga Sham, hamami ya zama jigon birane irin su Fas da Alƙahira da Istambul, ko da yake mu a ƙasar Hausa namu zafin cikin gida ya tsaya. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo a Ihya'u yadda magabata suka saɓa a kan hamami, wasu suka yabe shi don tsabta da tuna wuta, wasu suka zarge shi don buɗe tsiraici, sai ya haɗa maganganun biyu da cewa kowa gefe ɗaya ya duba, kuma babu laifi a nemi amfaninsa in an tsare cutarsa. Har ya yi nasiha kada a faɗa ɗaki mafi zafi kai tsaye, kada kuma a yi ɓarnar ruwa. Na gida ya kawar da matsalar tsiraici, amma ya kawo tasa. Mafi haɗari ita ce mutum ya ga kamar kaskon gawayi a rufaffen ɗaki zai wadatar. Garwashi yana fitar da iskar kabon monoksaid, marar launi marar wari, wadda ke kama jini fiye da iskar numfashi sau ɗari biyu da wani abu, irin wadda ke kashe iyali guda in sun kwana da janareta a ɗaki, kuma jirin da take sawa yana kama da jirin zafi har mutum ya kasa tashi. Murhun sauna rufaffe ne, hayaƙinsa ta bututu yake fita waje, tsohuwar saunar Finlan marar bututu ma sai wuta ta mutu an fitar da hayaƙin ake shiga. Ana buƙatar kafar shigar iska ta ƙasa da ta fita ta sama, da katakon da ba fenti ba kan ƙusa a waje, da shinge kewaye da murhu, da ƙofar da ke buɗewa waje ba sakata ba kwaɗo. Murhun lantarki na matsakaicin ɗaki yakan ci kilowat shida ko fiye, abin da ƙaramin janareta ba zai ɗauka ba, na itace kuma yana ci daga dajin da ya riga ya yi sanƙo.

Yanayi ma yana da ta cewa. A Disamba da Janairu, lokacin da hunturu ke sa mutane jin ɗumi da asuba, ɗakin gumi yana da ma'ana. Daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da zafin rana ke haura digiri 40 kuma dare bai cika hucewa ba, manomi da ɗan acaɓa da mai tallan kasuwar Getso sun riga sun zubar da gumin da ya fi na mutumin Kuopio, abin da jikinsu ke nema ruwa ne da inuwa. Mai azumi, da mai zazzaɓi, da mai gudawa, da wanda bai daɗe da kamuwa da ciwon zuciya ba, da mai ciwon ƙoda, da mai ciki, bai kamata su shiga ba sai da izinin likita, kuma wanda ya gina ɗakin ba shi da ikon tura matarsa ko ɗansa ciki don shi ya ji daɗinsa. Maigidan da ke da kuɗin katako da murhu, akwai abin da ya riga su a kansa ta fuskar ciyarwa da kulawar da aure ya wajabta masa: na'urar auna hawan jini, wadda kuɗinta bai kai na ƙofar saunar ba, da kuɗin motar zuwa awo tun ciki yana ƙarami, da sanin cewa in mai jego ta fara kwana a zaune saboda haki, daren nan ake tafiya asibiti, ba a jira gari ya waye.